Faifai Ya Ƙi Karantuwa: Ciwon Kan Ofisoshin Kafanchan Da Maganinsa

Duk wanda ya san aikin ofis a Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kachiya, ya san akwai wani kabad, ko wani akwatin ƙarfe a lungu, wanda ba a cika buɗewa ba, cike da faya-fayan kwamfuta. Wasu a cikin gidajensu na roba, wasu a ambulan, wasu kuwa an jera su tsirara an ɗaure da kyauro. A cikinsu ne aka zuba lissafin albashi, da sakamakon jarrabawar ɗalibai, da sunayen 'yan ƙungiyar manoman citta da bashin da ke kan kowa, da hotunan aikin kwangila, a zamanin da faifai ke tashe, watau daga wajen 2000 zuwa 'yan shekaru bayan 2010. Ba mai tunawa da su sai ran da mai binciken kuɗi ya sauka, ko tsohon ma'aikaci ya zo neman takardun fanshonsa, ko lauya ya ce a kawo shaida. Ran nan ne akawu zai ɗauko faifai ya karkaɗe, ya danna maɓalli, na'ura ta yi gunji sau biyu ta yi shiru.

Wannan al'amari ba ƙarami ba ne. Tun 2011 Dokar Shaida ta Nijeriya, a sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi abin da kwamfuta ta fitar a matsayin shaida in an cika sharuɗɗa, saboda haka faifan da ya ƙi buɗuwa yana iya zama shari'ar da ta suɓuce. Ga shi kuma sababbin kwamfutoci galibi ba sa zuwa da na'urar faifai. Kamfanin Apple ya fito da MacBook Air a 2008 ba ta da ita, sauran kamfanoni suka bi sahu sannu a hankali, har a watan Fabrairu na 2025 kamfanin Sony ya daina ƙera faya-fayan Blu-ray na ɗauka. A watan Oktoba na 2025 kuma Microsoft ya janye tallafinsa na kullum ga Windows 10, abin da ke tura ofisoshi su sauya kwamfuta. Tsohuwar na'urar da ke ƙarƙashin teburin sakatare, wadda kowa ya raina, mai yiwuwa ita kaɗai ta rage da za ta iya karanta abin da ke cikin kabad ɗin nan.

Yadda abin ke aiki

Kafin mu shiga maganar gyara, ya kamata mai karatu ya san abin da ke faruwa a ciki, domin wanda ya san wannan zai iya gane rabin cutar da kunnensa.

Kamfanonin Philips na Holan da Sony na Japan ne suka fito da faifan CD a 1982 domin waƙa, sa'an nan a 1985 aka mai da shi ma'ajin bayanan kwamfuta. Faɗinsa santimita 12 ne, kaurinsa milimita 1.2, yana ɗaukar megabait 700. Rubutun yana kan layi ɗaya tak, wanda ya faro daga tsakiya ya yi ta kewaya zuwa baki kamar ɗinkin faifan kaba, da za a warware shi zai wuce kilomita 5. Layukan sun matsu ƙwarai da gaske, har silin gashi guda zai iya rufe kamar 40 daga cikinsu. A DVD, wanda ya shiga kasuwa a 1996 yana ɗaukar gigabait 4.7, matsin ya ninka haka har da ɗoriya. To, wani ɗan ido ne, wanda bai kai ƙwayar wake ba, ke harba hasken leza a kan wannan layi yana karanta abin da ya dawo, alhali faifan na juyawa. A na'urori masu saurin 48 ko 52, juyin yakan kai sau 10,000 a minti ɗaya. Idon yana rataye ne a kan wasu siraran wayoyi, yana motsi sama da ƙasa don ya bi layin. Ga mota mai juya faifan, ga wata mai tura idon a kan ƙarafa biyu, ga ta uku mai fito da tire da taimakon wani ɗan zoben roba.

Duk wannan kaya an ƙera shi ne da tunanin ɗaki mai tsabta, mai sanyi, mai wutar da ba ta rawa. Kafanchan kuwa tana da nata hali. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kawo ƙura mai laushi kamar gari, fankar kwamfuta kuma na zuƙo ta ta kowace kafa, har ta bakin tire. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ne, wanda ya fi na Kano da Katsina nesa ba kusa ba, sai ƙurar da ta kwanta da rani ta sha laima ta zama danƙo a kan ido. Masu karatunmu na Ikko da Fatakwal sun san laima, na Sakkwato sun san ƙura. Mutanen kudancin Kaduna su ne ke shan duka biyun a shekara guda.

Mutanen garin sun daɗe da gane haka. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, da ke unguwar Bayan Loko, ta yi suna wajen koya wa matasa da mata aikin kwamfuta a lokacin da ko a manyan birane abin baƙo ne. A farkon shekarun 2000, John Dada da abokan aikinsa na gidauniyar sun haɗa kai da wani ƙaramin kamfani na Ingila mai suna ExpLAN a kan wata kwamfuta da aka sa wa suna Solo, wadda aka tsara musamman don ta jure zafi da ƙura da rashin wuta. Wat 8.5 kawai take ci, hasken rana ya ishe ta, kuma dabarar da aka yi ita ce a raba ta da duk wani abu mai juyawa a ciki. Solo ba ta cika kasuwa ba, amma hujjar masu ita tana nan daram: a irin wannan ƙasa, abin da ke motsi a cikin kwamfuta shi ke fara mutuwa. Na'urar faifai kuwa kusan komai nata motsi ne, kuma bakinta a buɗe yake ga iska.

Tire ya ƙi fitowa

Wannan ita ce cutar da ta fi yawa, ita ce kuma ta fi arhar magani. In ka danna maɓalli ka ga 'yar fitila ta haska, ka ji mota na kuka amma tire bai fito ba, kusan kullum zoben robar nan ne ya saki. Zafi da tsufa kan sa ya yi laushi ya riƙa sulɓi. Duba gaban na'urar da kyau, za ka ga wani ɗan rami kamar na allura. Kashe kwamfutar, ka miƙar da ɗan ƙarfen maƙala takardu, ka tura shi cikin ramin kai tsaye har ka ji ya danna wani abu, tire zai leƙo, sai ka jawo shi a hankali. A yawancin na'urorin tebur ana hango zoben a ƙarƙashin bakin tire. A ciro shi, a wanke da ruwa da ɗan sabulu, a shanya, a mayar. In ya riga ya miƙe, masu gyaran rediyo da bidiyo na kasuwa ba sa rasa irinsa. Akwai wata alama ma: na'urar da ke buɗewa in da faifai a ciki amma ta cije in babu, ita ma zoben ne ya gaza, don ba ya da ƙarfin raba maganaɗisun da ke kama faifai.

Abin da bai kamata ba shi ne abin da aka fi yi, watau a sa wuƙa ko sukudireba a ɓanɓare. Haƙoran robar da ke tura tire ba sa jure wannan, in sun karye kuwa magana ta ƙare. In ko fitilar ba ta haska sam, to wuta ce ba ta isa ba, sai a buɗe akwatin a duba wayar. Kada kuma a yi mamaki in an tarar da baƙi a ciki. Kwamfutar da ta yi dogon hutu a ofis, kyankyasai da gizo-gizo kan mai da ita gida, zanzaro ma ba ya ƙin irin wannan wuri.

Laifin faifai ne ko na na'ura?

Nan ne ake asarar kuɗi a banza, domin sau da yawa akan sayi sabuwar na'ura alhali faifan ne ya lalace, ko a jefar da faifai mai lafiya alhali ido ne ya dushe. Gwajin kuwa ba ya cin ko kwabo. A samo faifan kamfani, irin wanda ke zuwa da injin buga takardu, a saka. In ya buɗe, na'urar na da rai. Sa'an nan a kai faifan da ake zargi wata kwamfuta, ko biyu. In ya ƙi ko'ina, shi ne mai laifi.

Sai dai akwai tsaka-tsaki, kuma shi ya fi yawa. Faifan kamfani an buga shi ne da injin, rubutunsa a fili yake. Wanda aka ɗauka a ofis kuwa leza ce ta ƙona wani rini a cikinsa, hasken da yake mayarwa bai kai na wancan ba. Saboda haka idon da ya fara gajiya, faya-fayan ofis yake fara ƙi, yana ci gaba da karanta na kamfani. Haka nan na'urar DVD leza biyu gare ta, ja domin DVD, da wata da idon mutum ba ya gani domin CD. Ɗaya na iya mutuwa ta bar ɗaya. Wanda ya ga na'urarsa na karanta CD tana ƙin kowane DVD, ko akasin haka, kada ya wahalar da kansa da Windows, leza ce ta tafi, ba ta kuwa da gyaran da ya fi sayen wata.

Kunne ma yana taimako. In faifai ya ɗauki gudu, ya rage, ya sake ɗauka, ana jin ƙyas-ƙyas, ido ne ke neman layi bai samu ba. In ko bai juya ba sam, ko dai idon bai ga akwai faifai ba, ko motar ta tsaya. Ƙara mai ƙarfi da girgiza kuwa alamar faifan ya lanƙwashe ne, ko an manna masa takarda a gefe ɗaya. A fitar da shi nan da nan. Faifai mai tsaga a tsakiya yana iya tarwatsewa a cikin na'ura mai sauri, ya kashe kansa ya kashe ta.

Wajen goge faifai, akwai kuskuren da kusan kowa ke yi, watau a goga shi a jikin riga ana kewayawa. Tun da layin rubutu kewaye yake, ƙarzar da ta bi kewaye takan shafe dogon bayani a jere, abin da na'ura ba ta iya cikewa. Wadda ta ratsa daga tsakiya zuwa baki kuwa ɗan kaɗan take taɓawa a kowane layi, na'urar na iya gyara wannan da kanta. Saboda haka a goge daga rami zuwa baki, da ƙyalle mai laushi. In da maiƙo, ruwa da ɗigon sabulu sun isa. Fetur da kananzir da tina suna cin robar, kada a kusantar da su. Maganar man goge baki da ake yawan yi, yakan ɗan taimaka a ƙarza marar zurfi, amma a ganina sai an gwada kowace hanya ta ƙi tukuna, domin abin da ya kankare ba ya dawowa.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: a faifan CD, rubutun yana dab da saman da ake rubuta suna, fenti ne kawai ya rufe shi. Ƙarzar sama ta fi ta ƙasa haɗari, kuma akawun da ya danna biro ya rubuta "Albashin Maris" yana iya huda albashin da hannunsa. Ɗaga faifan ka duba ta hasken taga. In ka ga ɗigo-ɗigon haske na ratsowa, wurin ya tafi har abada. DVD ya fi sa'a a nan, don rubutunsa na tsakiyar roba biyu ne. Rana kuma maƙiyiyar rinin nan ce, faifan da ya yini a gaban mota ko a bakin taga ya kama hanyar mutuwa. Laima ma ba ta bar shi ba. A 2001 masana a Sifen sun ba da labarin wata fumfuna da ta cinye ƙarfen wani faifai da aka ɗauko daga Belize, ƙasa mai zafi da ruwa a Amurka ta Tsakiya. Wanda ya taɓa buɗe kabad a Kagoro cikin watan Agusta ba zai yi gardamar wannan labari ba.

Wanke ido

In gwaji ya nuna na'urar ce, a fara da wanke ido. A kwamfutar hannu abin da sauƙi, don idon na fitowa tare da tire. A ta tebur sai an kwance murfi. A cire wuta tukuna, domin hasken CD ba a ganinsa amma yana iya yi wa idon mutum lahani. A sami tsinken auduga na goge kunne, a ɗan jiƙa shi da sifirit mai tsabta irin na kemis, a shafa a hankali kamar ana taɓa idon jariri, a bi da busasshe, a jira minti goma. Dannawa da ƙarfi kan lanƙwasa wayoyin da idon ke rataye a kai. Faifan wanki mai 'yan gashi da ake sayarwa yana iya ɗauke busasshiyar ƙurar hunturu, amma danƙon damina ya fi ƙarfinsa. Da damina kuma, kwamfutar da aka fito da ita daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska zuwa mai ɗumi, idonta kan yi raɓa. A bar ta awa ɗaya kafin a yanke mata hukunci.

Kwamfuta ba ta ga na'urar ba

Wani lokaci tire na fita yana shiga lafiya lau, amma in ka buɗe kwamfuta babu alamar na'urar. A fara dubawa a BIOS, watau shafin da ake shiga da zarar an kunna, galibi da maɓallin F2 ko F10 ko Del. In ba ta cikin jerin can, matsalar waya ce: a kashe, a zare wayar bayanai da ta wuta a mayar da kyau, ko a sauya rami. Kwamfutar da ta sha hanya daga Ikko ko daga Kaduna a bayan mota, girgiza kaɗai ta isa ta sassauta su. Tsofaffin da ke da faffaɗar waya mai ƙafa 40 suna da wani ɗan maƙalli a baya da ke nuna wace na'ura ce babba wace ce ƙarama. In biyu suna kan waya ɗaya kuma duk an sa su babba, ɗaya ko duka za su ɓace.

In BIOS ta gan ta amma Windows bai gani ba, to ƙarfen lafiyarsa ƙalau. A shiga Device Manager. In an ga alamar rawaya a kan sunanta, da lamba irin 19 ko 39, a cire ta daga jerin a sake kunna kwamfutar, Windows zai nemo ta da kansa. In ta ƙi, sau da yawa saura ne da wata manhajar ɗaukar faifai ta bari bayan an goge ta. Microsoft da kansa ya bayyana maganin, watau share wasu layuka biyu masu suna UpperFilters da LowerFilters a sashen na'urar faifai na rajistar Windows. Amma wannan aikin wanda ya sani ne. Akwai layuka masu irin wannan suna a sashen wasu na'urori, wanda ya share na kuskure yana iya wayar gari allon rubutunsa ya daina aiki, ko kwamfutar ta ƙi tashi ɗungum.

Akwai kuma abubuwa biyu da ba cuta ba ne amma ana ɗaukar su cuta. Tun daga Windows 8 na 2012, Windows ba ya nuna fim ɗin DVD da kansa, sai an sa manhaja irin VLC, wadda kyauta ce. Na biyu, faya-fayan fim na kamfani suna da lambar yanki: Amurka 1, Turai 2, Nijeriya da yawancin Afirka 5. Na'ura kan yarda a sauya mata yanki sau biyar ne kawai, daga nan ta kulle a kan na ƙarshe. Kwamfutocin gwanjo da suka cika ofisoshinmu da yawa sun iso da nasu yankin tun daga can. Wannan bai shafi faifan takardu ko bidiyon biki da aka ɗauka a gida ba.

Ga masu ɗauka har yanzu

Ba a daina ɗaukar faifai ba, kuma da dalili. Filashin da ya zaga shagunan buga takardu uku a Kafanchan da wuya ya dawo ba da ƙwayar cutar kwamfuta ba, amma faifan ɗauka sau ɗaya, in an rufe shi, ba abin da zai ƙara shiga, ba kuma mai iya sauya lamba ɗaya a ciki. Babban maƙiyin ɗauka shi ne wuta. In ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ko aka juya zuwa janareta, faifan ya tashi aiki, saboda haka kada a fara sai da batirin tsaro, ko a kwamfutar hannu mai caji. A rage sauri, 16 ga CD, 4 ko 8 ga DVD, a bar manhajar ta sake karanta abin da ta rubuta don tabbatarwa, a kuma zaɓi rufe faifan. Da yawa daga faya-fayan da ake cewa babu komai a ciki, ba a rufe su ba ne kurum, kuma sukan buɗe a na'ura mai ɗauka tare da manhajar da ta san irinsu.

Game da na'urar da ta mutu murus, shawarata ita ce kada a kashe kuɗin gyara. A sayi ta waje mai shiga ramin USB, guda ɗaya ta ishi ofis duka, kuma tana da fa'idar da ta ciki ba ta da ita: in an gama aiki sai a sa ta a leda a kulle a aljihun tebur, hunturu ya yi ta busawa. Wuta take so sosai, saboda haka a kwamfutar tebur a soka ta a ramukan baya, in wayarta mai kai biyu ce a soka duka biyun.

Da ita a hannu, sai shugaban ofis ya ware wa ma'aikaci ɗaya mako guda ya kwashe abin da ke cikin kabad ɗin nan zuwa wurare biyu dabam, ya fara da faya-fayan da suka fi tsufa da waɗanda launinsu ya fara sauyawa daga baki. Tun da rubutu daga tsakiya yake farawa, lalacewa kuwa sau da yawa daga baki, takardun da aka zuba daga ƙarshe su ke fara ɓata. In faifai ya cije a tsakiyar kwafi, kada a nace da kwashe shi gaba ɗaya, a riƙa ɗaukar takarda ɗaya-ɗaya ana tsallake mai gardama. Wanda ya ƙi a wannan na'ura a ajiye shi gefe a gwada a wata, don ba duk ido ne ƙarfinsa ɗaya ba, kuma akwai manhajoji irin IsoBuster da ddrescue da ke komawa kan wurin da ya lalace sau da yawa har su tsamo abin da ya saura. Faifan da aka gama kwashewa a mayar da shi gidansa, a jera shi a tsaye kamar littafi, nesa da taga da bangon da ke tsatsafo, a rubuta lambarsa da ranar kwafi a rajistar ofis.